Direban da Ya Faɗa Gidan Ba Shiga

Wata Lahadi ce da hantsi, a kakar shekarar da na shiga aji shida na firamare, an gama yankan gero, gonaki sun yi fayau sai kututturen kara. Ina tsaye bayan Yaya Lawal a filin da ke bayan makarantarmu, can gefen gari ta hanyar Zango, na ɗaga kai har wuyana ya ƙage ina kallon jirginmu yana shawagi, sai na ji Yaya ya ce "Innalillahi" a hankali, irin wadda mutum ke faɗa wa kansa. Na dubi hannunsa, na ga yana ta murza 'yan sandunan rimot hagu da dama, jirgi kuwa ko a jikinsa. Ya miƙe samɓal ya nufi cikin gari da wannan kukan nasa mai kama da na sauro, ya bi ta kan gidaje yana yin ƙasa-ƙasa, har muka ga ya sulale bayan wata doguwar katanga mai darbejiya. Ni ban gane gidan ba daga inda nake, amma Yaya ya gane, don na ga yadda fuskarsa ta koma. Gidan su Sale mahauci ne.

Yaya Lawal wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Gyaran rediyo da waya yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tasha, amma rabin hankalinsa yana sama. Ɗan injin da farfela da rimot daga Kano ya sa aka sayo masa, sauran kuwa duk tsince-tsince ne: farin soson nan da ake naɗo firji da talabijin a ciki, tsinken tsire, ƙarafan tsohuwar laima, gam da salatif. Innarmu takan ce, "Lawal ya mayar mana da gida bola, ke kuma kin zama jelarsa." Gaskiyarta. Da na gama shara da wanke-wanke na kai niƙa, maimakon in bi su Ladi carafke ko gaɗa, sai in zarce zaure in durƙusa. Ni ce mai riƙe fiffike har gam ya bushe, ni ce mai goge soso da takardar yashi har in fito fari fat kamar wadda ta yi tankaɗe. Sau nawa jirgi ya tashi ya dawo ta ka, mu kwaso tarkace mu dawo gida yara na bin mu da ihu. Amma wannan na ƙarshe ya tashi, tashi na gaske, har masu kiwo sukan bar awakinsu su tsaya kallo.

Akwai wani abu ɗaya a jikinsa da nake taƙama da shi. Yaya ya samo gilashin wata matacciyar tocila ya ce zai manna a goshin jirgi ya zama taga, ni kuma na ce ai ba a jirgi ba direba. Na yanki kwalin sukari na zana mutum da biro, na sa masa hula, na yi masa gashin baki, kunne ɗaya ya fi ɗaya girma. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya cusa shi ciki ya manne gilashin a kansa. Daga waje ba ka ganin komai sai wani baƙin abu zagayayye yana ƙyalli.

To, wanda ya tashi a gidajenmu na Daura ya san katanga tana tsare gefe ne kawai, sama a buɗe take. Tsakar gida nan mata ke daka da ɗaurin ƙirji, nan ake kitso kai ba ɗankwali, makewayi kuwa yawanci ba rufi, daga kai sai Allah. Ba wanda ya taɓa tunanin za a leƙo ta can. Shi ya sa tun kafin wannan rana maganar ta fara yawo a majalisu, wai jirgin Lawal yana da ido, wai yana ɗauko hoto ya kai masa cikin waya. Babanmu ya kira shi ya ja masa kunne cewa kada ya kuskura abin nan ya bi ta kan gidan kowa, Yaya kuma bai taɓa saɓawa ba, kullum gonaki yake fuskanta. Daga baya muka gano dalma ce ta saki a jikin wata 'yar waya siririya, shi ke nan jirgi ya daina jin magana.

Gudun da muka yi ranar ban san lokacin da takalmina ɗaya ya fita ba. Kafin mu isa, ƙofar gidan ta cika. Ashe matar Sale, Hinde, tana makewayi tana wanka jirgin ya gilma ta kanta ya faɗi a tsakar gida, ta ƙwalla ƙarar da aka ji har masallaci. Wani yaro ya sheƙa mahauta ya faɗa wa mijin, ya kuma ƙara da cewa shi ya ga idon jirgin da idonsa. Sale ƙato ne, baƙi, mai ƙaramar murya, ya zo hannun riga a naɗe ko wankewa bai yi ba. Bai tambayi komai ba, ya shaƙo wuyan rigar Yaya ya haɗa shi da bango, daidai ƙarƙashin inda aka rubuta "Ba shiga" da gawayi. Yaya yana rantsuwa da Allah da Annabi, ba mai saurare. Wani ya ce a kira 'yan sanda, wani ya ce wane 'yan sanda, a fara koya masa hankali tukuna. Babanmu kuwa ya tafi kasuwar Mai'aduwa tun asuba, ba mai tsaya mana. Ba dukan kaɗai nake jin tsoro ba. Ko a wannan shekarun na san idan sunan mai leƙen matan mutane ya manne wa saurayi a garinmu, da shi zai tsufa, ba mai ba shi 'ya, ba mai kawo masa gyara, mu ma da shi za a riƙa nuna mu.

Wani dattijo mai sayar da goro ne ya ce a fito da abin a gani mana. Nan aka tsaya cirko-cirko. Yaya ba zai shiga ba, gidan matan aure ne. Sale ya ƙi sakinsa, ya ce yana saki zai gudu. Daga ciki kuma aka aiko cewa Iya Delu, mahaifiyar Sale, ta sa an kife abin da bahon wanki don kada ya ƙara ganin kowa, ta ce ba wanda zai taɓa shi sai wanda ya san kansa. Sai dattijon ya waiwayo ya gan ni a raɓe, ya ce ga ƙanwarsa nan, ta shiga. Na dubi Yaya. Wuyansa a shaƙe yake a hannun Sale, idanunsa kawai ya kafa mini.

Wallahi da za a ba ni zaɓi a lokacin, da na gwammace in shiga rijiya. Iya Delu ba a wasa da ita a unguwar. Gajeriya ce, busasshiya, tana dogara sanda, idan ta zauna a soro da yamma mu yara ta wani lungu muke zagayawa. Na wuce zaure na farko na wuce na biyu, na yi sallama na shiga. Abin da na tarar har yau yana idona: rana tsaka, zafi kamar ya dafa mutum, amma duk matan gidan sanye da hijabi a tsakar gidansu, sun manne a jikin bango, an bar turmi da taɓarya a yashe, kaji na cin tsaba ba mai korarsu. Hinde tana bakin ƙofar ɗakinta tana kuka, kumfar sabulu ta bushe a kunnenta. A tsakiya ga baho a kife, an ɗora masa dutsen niƙa, ga Iya Delu a kan kujera 'yar tsugunne tana gadinsa.

Na durƙusa na gaishe ta, da sanda kawai ta nuna mini bahon. Da ƙyar na ture dutsen. Ina ɗagawa jelar jirgin ta motsa ta yi ƙiiii, mata suka watse da salati, ni kaina saura kaɗan in saki fitsari. Na lalubi cikinsa na cire batir kamar yadda Yaya ya koya mini, ya yi shiru. Fiffike ɗaya ya karye, farfela ta tsage, amma gilashin nan yana nan daram yana ƙyalli. Iya Delu ta ɗora bakin sandarta a kansa ta ce, "Wannan fa?"

Na buɗe baki zan ce taga ce. Daidai nan hayaniyar waje ta ƙaru, na ji wani sauti tas, na kuma ji muryar Yaya ta katse a tsakiyar magana. Ban san sanda na kai farce na hau ɓamɓarar gilashin ba. Gam ɗin nan ni na riƙe shi har ya bushe, na san ba zai fita ta daɗi ba. Farcena ya karye, jini ya ɓata farin soso, ina kuka ina ɓamɓara. Sai ga 'yar wuƙar yankan kuɓewa an miƙo mini ta gefen kafaɗa, hannun Iya Delu ne. Na soka na banƙare, gilashi ya yi tsalle ya faɗi, ɗan direbana ya bayyana da hularsa da karkataccen kunnensa.

Tsohuwa ta zaro shi da yatsu biyu, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya bayansa ta ga tambarin sukari. Ta zura ɗan yatsa a ramin, ba komai sai soso. Duk da haka ba ta gamsu ba, ta ce in farke cikin duka. Haka na sa wuƙa tun daga goshi har jela na tsarge abin da muka kwashe damina guda muna haɗawa, na baje mata tsinken tsire da ƙarfen laima da 'yan wayoyi ja da baƙi, ina gaya mata aikin kowanne cikin shessheƙa. Ta daɗe tana tona su da sanda kamar mai neman tsakuwa a cikin wake. Can ta ɗago ta ce, "Hinde, zo ki ga ƙaton da ya leƙa ki." Hinde ta matso tana jan ƙafa, ta dubi kwalin, ta dube ni, sai dariya ta ƙwace mata hawaye na zuba. Ni dai ban yi dariya ba, kunnena yana waje.

Iya Delu ta miƙe ta dogara sandarta har bakin zauren ciki, ina biye da tarkace a rungume. Ba ta fita ba, daga nan ta tsaya. Sale ɗan farinta ne, ba ta faɗar sunansa, sai ta ce, "Kai wannan, sakar wa ɗan mutane riga. Na duba da idona har hanjinsa, makaho ne." Sale ya tsaya kamar zai yi magana, ta buga sanda a ƙasa sau ɗaya, ya saki. Na miƙa hannu in karɓi direbana, ta maƙe shi a cikin zaninta. Ta ce shi wannan ya shigo gidan ba shiga, ya ga abin da ya gani, ba inda za shi.

Leɓen Yaya ya fashe, rigarsa ta yage har ƙirji, rimot kuwa yana hannunsa bai taɓa saki ba duk abin nan. Mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya su suka riga kowa tafiya. Da muka zo ƙofar gida sai Yaya ya kama hannuna ya dubi farcen, ya ɗaure mini da salatif ɗin jirgi. Na yi kwanaki ko kukan sauro na ji sai gabana ya faɗi. Yaya bai daina haɗa jirgi ba, amma daga ranar sai ya goya ni a keke mu yi nisa cikin gonaki inda ko bukka babu, kuma bai ƙara yi wa jirgi taga ba. Duk waɗanda ya haɗa bayan nan goshinsu a shafe yake, yara suna kiransu makafin Lawal.

Yanzu kuwa, duk bikin da ya amsa sunansa a Daura sai an ɗauko mai ɗan jirgin nan mai ido na gaske, ya tsaya cak a saman tsakar gida, mata suna ɗaga masa hannu suna gyara ɗauri. Filin bayan makarantarmu ya zama gidaje, Yaya ya yi furfura a gemu, 'ya'yansa sun fi son waya a kan soso da gam. Bayan rasuwar Iya Delu, Allah ya jiƙanta, ana rabon kayanta aka tsinci ɗan direbana a ƙasan kwallarta, tare da turare da busasshen goro, biron ya koɗe amma kunnen yana nan. Hinde ta aiko mini da shi gidan aurena, ta ce a gaya mini an sallame shi. Na kai wa Yaya, ya daɗe yana kallonsa, ya shafa tabon leɓensa. Ni kuwa har gobe in na ji wannan kukan a sama, hannuna mayafi yake fara nema kafin in ɗaga kai.