Wasan Da Na Ƙi Sa Wa Alama

Ina karatu a birnin Lyon na Faransa ciwon shafukan labaran barkwanci ya kama ni, irin waɗanda ke ƙirƙirar ƙarya su sa mata rigar jarida. Ni da abokin zamana a Rillieux da ke gefen birnin, wani Bakano, kullum cikin musu muke. Shi na Amurkawa yake so. Ni kuwa haushinsu nake ji, sai sun yi ihu, sun zungure ka, sun nuna maka inda za ka yi dariya. Na Ingila ne gwanayena. Su shara ƙarya fuska a murtuke, mai hankali ya gane, wawa kuwa oho.

Da na buɗe nawa shafin, sai na rubuta da Faransanci cewa daga Litinin duk baƙon da ya shekara goma ba takardar zama ya kai kansa ofishin shige da fice, za a ba shi katin zama da lambar yabo ta haƙuri. Bakanon ya karanta ya ce, "Malam, ka sa ɗan hoton dariya a ƙasa." Na ce wannan aikin Amurkawa ne. Girman kai, rawanin tsiya.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, shekara goma sha ɗaya yana sauke kwalaye a Aubervilliers, gefen Paris, ba takarda. Ko babbar tasha ba ya ratsawa don gudun 'yan sanda. Rubutun ya bi waya waya, wani ɗan neman lada ya mai da shi Hausa da murya, lambar yabon ta faɗi a hanya. Kawu bai iya karatun boko ba, amma ba wawa ba ne. Sai da ya tambaya ko waye ya rubuta. Aka ce ɗan yayarka na jami'a.

A wurinmu wasa yana da masu shi, taubashi ko jika da kaka, kuma kana ganin fuskar mai yi maka. Ba a yi da kawu, balle a rubuce. Na san wannan tun ina yawo ba wando, na zo Turai na watsar. Har yau in na ji ana yabon barkwancin da ba ya murmushi, raina ɓaci yake, kuma da kaina nake farawa.

Ran Litinin Kawu ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ciro fasfon da ya daɗe yana ɓoyo, ya je ofishin. Suka riƙe shi.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, na same shi inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Na shirya faɗa masa gaskiya tun a hanya. Muka gaisa, ya tambayi karatu, ya ga idona ya yi ja.

"Haba ɗana," ya ce, "kar ka sa wa ranka. Kai ka rubuta daidai. Su ne suka canza magana."

Na ce, "Haka ne, Kawu."