Tikitin Baba Fanka

Shagon Baba Fanka bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma in ka leƙa ciki sai ka rantse duk fankar da ta mutu a garin nan ake kawo gawarta. Ga na tsaye, ga na rufi, ga na tebur, wasu ba kai, wasu ba fukafukai. Kwalin notuna na ƙarƙashin benci, warin kwayil da ya ƙone kuma ya kama har rigunansa na fita. Tun yana saurayi yake wannan aiki, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Kunnensa ne jarinsa. In ka kawo fanka ba zai kwance ta ba sai ya kunna, ya karkata kai, ya lumshe ido, sannan ya ce boris ɗin da take juyawa a kai ne ya cinye, ko ya ce ka je ka sayi sabuwa kada ka wahalar da shi. Yana da magana guda da yake maimaita wa kowa: duk abin da ke juyawa, wata rana zai tsaya.

Wannan maganar ce ta zame masa ƙarfen ƙafa lokacin da Auta ta haihu. Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, kuma kowa ya san ita ce 'yar lelensa. Aure da aikin jinya sun kai ta can ƙetaren teku, inda mota ba ta zuwa. Uwarta ta je ta dawo har sau biyu, shi kuwa kullum akwai aikin da ba zai iya bari ba. Da jaririn ya zo, uzuri ya ƙare. Auta ta ce a waya, "Baba, wannan karon kai nake so ka zo." Ya ce zai zo. Ya fasa ajiyarsa, ya sa aka yankar masa tikiti a irin kamfanin jiragen nan masu araha, waɗanda za su sayar maka da kujera da kuɗi kaɗan, sannan jaka ka biya, zama kusa da taga ka biya, ruwan sha ma ka biya.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne tsoro yake ji, tsoro na gaske, mai hana cin abinci. Ya taɓa ganin hoton jirgi, ya ga wata ƙatuwar fanka rataye a ƙarƙashin fiffike. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana karɓar fankokin da suka tsaya ba sallama, yaya za a yi ya ɗora ransa a kan guda?

Ana gobe tafiya saƙo ya shigo wayarsa: an soke jirgin. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, amma da ya ɗago ya ga matarsa na kallonsa, sai ya ɗaure fuska tamau ya hau faɗa. Kamfanin ya ba da zaɓi biyu: a ba shi kujera a wani jirgin, ko a mayar masa da kuɗinsa bayan an yi bincike. Baba Fanka ya ce ko sama da ƙasa za ta haɗu, kuɗinsa yake so. Mutanen da suka saɓa alkawari sau ɗaya ba zai sake ba su amana ba.

Daga nan ya samu sabuwar sana'a. Ya jingine waya a jikin wata fankar tebur, ya buɗe murya, yana naɗa kwayil yana sauraron kiɗan da ake sa wa masu jira, har ya haddace shi yana bi da fito. In aka ɗauka a ce ya yi haƙuri, a tura shi wani sashe, can ma a ce ya yi haƙuri, layin ya yanke. Suka ce za su ba shi takardar madadin kuɗi da zai yi tafiya da ita duk lokacin da ya so, ya ce ba takarda ya ba su ba. Suka ce kuɗin jaka ba ya dawowa, ya ce jakar ma ai ba ta tashi ba. Mai walda na shagon kusa yakan leƙo ya ce, "Baba, yau ma ana shari'a? Ai an gaya maka araha ba ta ado." Shi kuma ya ce gaskiya yake nema. Kuma a gaskiya kamfanin bai kyauta ba, sun ja shi a ƙasa ba kaɗan ba. Sai dai duk ranar da suka ce ba a gama bincike ba, barcinsa ya fi daɗi.

Sai da makonni suka tafi matarsa ta tanka masa. Wata safiya tana ninke kayan jaririn da ta saya, waɗanda har sun fara yi wa yaron kaɗan tun ba su isa gare shi ba, ta ce, "Malam, na zauna da kai tun gashinka na baƙi. Ba kuɗin nan kake bi ba."

Ya ce ta bar shi da abin da ya dame shi. Bai iya haɗa ido da ita ba.

Da rana Auta ta kira. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce yaron ya fara dariya. Sannan ta ce, "Baba, in kuɗin ne matsalar ni zan biya, ka bar musu. Ko dai ba ka son zuwa ne? Ka faɗa mini kawai, in daina gyara ɗakin."

Ya ajiye wayar, ya zauna cikin matattun fankokinsa, kunya ta lulluɓe shi. Yarinyar da ya goya a wuya tana can tana zaton ya fifita kuɗin tikiti a kanta.

Washegari ya rufe shago ya tafi filin jirgin sama, inda kamfanin ke da wani ɗan teburi a lungu, kusa da masu naɗe jaka da leda. Ya bi layi. Ma'aikaciyar da ke wurin ba ta girmi Auta ba, idanunta duk gajiyar sauraron zagi. Ta duba kwamfuta, fuskarta ta washe.

"Baba, ka yi nasara. An amince a mayar maka da komai, har na jakar. Saura in danna nan."

Ta ɗora yatsa.

"Dakata, 'yata."

Ta dakata.

"In kin danna, kujerar fa?"

"Ta tafi kenan. Sai dai ka sayi sabon tikiti, kuma yanzu ya yi tsada."

Ya share gumi da hularsa. Ya sunkuyo ya rage murya don kada na bayansa su ji. "Fankar nan ta jikin jirgin, in ta tsaya fa?"

Ba ta yi dariya ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce, "Biyu ne, Baba. Kuma akwai masu duba su kafin a tashi."

"Masu gyara irina?"

"Irinka."

Ya mayar da hularsa kansa. Sannan ya ce ta ɗauke yatsarta, ta ba shi kujerar.

Ranar tafiya aka zaunar da shi daidai fiffike, ba tare da ya biya kuɗin taga ba. Da injin ya tashi ya damƙe hannun kujera, ya karanto duk addu'ar da ya sani. Can sai tsohuwar ɗabi'a ta rinjayi tsoro: ya karkata kai, ya lumshe ido, ya saurara. Babu gurzawa, babu kaɗawa, sauti ɗaya sumul. Duk wanda ya ɗaura wannan ya san aikinsa. Ya saki hannun kujerar a hankali, har ya sayi ruwan nan mai tsada ya sha.

Auta ta tarbe shi da kuka da dariya a haɗe. A gidanta ta kai shi ɗakin da ta gyara, ta ɗora masa jikansa a cinya. Yaron ya kama masa gemu. Baba Fanka ya sauke ajiyar zuciyar da ya daɗe yana riƙe da ita, hawaye na bin kumatunsa bai damu ya share ba.

Sai kunnensa ya kama wani abu. A kusurwar ɗakin wata fankar tsaye na juyawa tana ƙiƙ-ƙiƙ-ƙiƙ.

"Auta, wannan boris ne. Tun yaushe take haka? Garin nan ba masu gyara ne?"

"Akwai su," in ji ta. Ta jawo aljihun tebur ta ciro sukudireba sabuwa fil ta miƙa masa. "Mijina ya so ya kai ta tun kafin in haihu. Na ce kada wanda ya taɓa ta, babana na zuwa."