Gemun Baba da Sikirinin

Ni dai tun ina ƙarami ban yarda da kalmar Turanci da aka kawo ta inda muke da tamu ba. In ma'aikaci ya bar "tantancewa" ya ce "sikirinin", sai in ji kamar da abin da yake ɓoyewa. Wannan hali a wurin Baba na gado shi.

Shekarar da ya samu kujerar Makka, aka ce maniyyatan Kurfi su je Dutsin-Ma sikirinin. Baba ya tambayi Kawu, ƙanensa da ya koyar da Turanci har ya yi ritaya, ainihin ma'anar kalmar. Kawu ya gyara zama, don irin tambayar da yake so ke nan. Ya ce a wajen Turawa kalmar ta rariya ce, wadda ake tankaɗe yashi ko gawayi da ita, daga baya aka ɗora ta a kan mutane.

Baba ya ce, "To ka ji. Mi ake da tsaki in an gama tankaɗe? Mu tsofaffi za su zubar."

Kawu ya yi ta rantsuwa cewa jini kawai za a auna, Baba bai saurare shi ba. Ni ma Baba na goya wa baya.

Ranar tafiya ya fito ba sandar da ya saba dogarawa, farin gemunsa ya koma baƙi wuluk. Ashe rini ya aika aka sayo masa a ɓoye, shi da yake yi wa almajiransa faɗan baƙin rini. Inna ta kama baki, ta koma ɗaki.

A Dutsin-Ma aka auna jininsa, lafiya lau. Amma ma'aikacin da ke duba fasfo ya kalli hoto, ya kalli Baba, ya sake kallon hoto.

"Malam, ina mai fasfon? Wanka ne ko mahaifinka?"

Baba ya ce shi ne. Mutumin ya ce sun saba ganin masu zuwa a madadin marasa lafiya, sai mai farar kasumba ya zo da kansa.

Rinin ya ƙi wankuwa. Da la'asar Baba ya kira wanzami zaure, ya sa aka aske gemun da na buɗe ido na gan shi da shi, don fari ya tsiro. Tausayinsa ya hana ni tsayawa.

Da furfura ta ɓullo muka koma, suka yarda shi ne. Ya je Makka ya dawo, amma duk hoton da aka ɗauke shi a can, ya rufe haɓarsa da hannu.