Soron da Aka Hana wa Hayaƙi

Soronmu na Katagum ya rufta da hantsi, ranar da ba a yi ko ɗigon ruwa ba. Ba wanda ya mutu. Ina tsakar gida ina faskare na ji ƙara, na juya na ga ƙura inda rufin yake.

Kakan mahaifina ne ya sa aka gina shi. Soro ne babba, da bakan gizo biyu na gini masu riƙe da rufi da suka haɗu a tsakiya, rufin azara da ƙasa. Ni ban taɓa ganin abin kallo a jikinsa ba. Ɗakin Inna ne, mahaifiyata. A ciki aka kawo ta amarya, a ciki ta yi goyonmu, a ciki aka yi wa Baba wanka. Tana da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi. Sanyin ƙashi ke damunta, saboda haka wuta ba ta mutuwa a ɗakin, rani da damina. Rufin ya yi baƙi ƙirin. Duk baƙon da ya shiga sai ya fito yana share hawaye, Inna ta ce idon ragwaye ne.

Wata shekara mai unguwa ya kawo mana wasu ma'aikata masu kula da kayan tarihi. Babbansu mutum ne mai ladabi. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya haska rufin da tocila, ya daɗe kansa a sama. Ya ce irin wannan gini bai rage da yawa ba a duk ƙasar Katagum.

Inna ta ce, “Ɗan nan, in ɗakin aure kake nema, wannan da mai shi.”

Ya yi dariya ya ce, “Inna, ai tare da ke za mu ɗauka.”

“To sai ka zo da sadaki mai kauri. Ba na cin tuwon dawa.”

Bayan damina suka dawo da allon ƙarfe, suka kafa a ƙofar gida. Ban iya boko ba, mai unguwa ya karanta mini: soron ya shiga cikin gine-ginen tarihi da hukuma ta sani. Sharaɗi biyu ne. Ba za a sauya masa komai ba, kuma ba za a ƙara hura wuta a ciki ba, don gudun gobara. Suka ce za su gina wa Inna ɗakin bulo da kwano a jikin bangon soron, ni kuma su ba ni gadi. Mutanen unguwa suna ta murna, har ana yi mini barka a masallaci. Na yarda.

Inna ba ta yi gardama ba ranar da aka kwashe kayanta. Abin da ta tambaya kawai shi ne yaushe za su gama kallon. Na ce ban sani ba.

Leburori suka kankare baƙin rufin. Ashe akwai zane a jikin bakan gizon, ja da fari, wanda ni da aka haifa a ƙarƙashinsa ban taɓa gani ba. Yana da kyau. Na riƙo hannun Inna na kawo ta ta gani, amma idonta ya riga ya yi rauni. Ta shinshina ta ce ɗakin yana warin ɗakin da aka yi rasuwa.

Baƙi ba su yi yawa ba. Ɗalibai daga Azare, wani lokaci malamai, su ɗauki hoto da waya su tafi. Aikina shara da buɗewa da rufewa.

Ɗakin kwanon bai karɓi Inna ba. Da rana tanderu ne, da asuba randa. Sun sa mata gadon ƙarfe da katifa, na sayo mata kasko na garwashi, ta ce ɗumin ba ya shiga ƙashi. Ƙafafunta suka kumbura. Ta koma sallah a zaune. Kullum in na kai mata koko magana ɗaya ce.

“Kai mai gadi, an gama?”

“Ba a gama ba, Inna.”

“Makullin ba a aljihunka yake ba?”

“Yana nan.”

“Na haifi ɗa, gwamnati ta samu kare.”

Da rana nakan buɗe mata soron ta zauna a bakin gadon ƙasar, ba wuta. Takan sa hannu a ramin garwashin ta ciro shi da sanyi. Wata rana ta ce mini ba ta neman komai a duniya sai ta mutu a kan wannan gado. Ba kuka ta yi ba. Faɗin maganar kawai ta yi, kamar mai aiken cefane.

Na shiga mota na tafi Azare wurin jami'in, wato babban ma'aikatan nan. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Malam, ba a hannuna yake ba, amma zan kai maganar sama.” Na koma na sake komawa. Bai taɓa ɓoye mini ba, bai kuma taɓa cewa in daina zuwa ba. Damina ta wuce, wata ta shigo.

A wannan tsakanin na fara ganin wani gari a ƙasa in na zo shara, laushi kamar na tuwo. In na share yau, gobe ya dawo. Na kira jami'in a waya, ya zo da kansa da mai feshi, aka fesa maganin gara. Garin ya ragu, bai tsaya ba. Wani tsohon magini da muke sallah tare ya leƙa ya ce hayaƙi ne ke hana gara shiga azara, tun da aka kankare an buɗe musu ƙofa. Wani kuma ya ce ba haka ba ne, ruwan bara ne ya jiƙa gindin ginin. Ni ban san wanda ya yi daidai ba. Har yau ban sani ba.

Daga baya jami'in ya bugo. Muryarsa da fara'a. Ya ce an amince Inna ta koma, da garwashi kaɗan, ban da itace, amma in jira ya zo ranar Juma'a a yi a gabansa. Na gaya wa Inna. Ta sa aka miƙo mata tsohon zanenta, ta ɗaure kayanta a ciki, da carbi da ƙwaryar furarta da ɗan akwatin turare, ta ajiye ƙullin a gefen ƙafarta. Ta ce a nemo mata gawayin ƙirya, kada a kawo mata na banza.

Na sayo gawayin. Juma'ar ba ta zo ba rufin ya sauka.

Da ƙura ta lafa mutane suka cika gidan, ana salati. Bangon da ɗakin kwanon ya jingina da shi ya tsage daga sama har ƙasa. Na shiga na ɗauko Inna a baya. Ta ce in kai ta wurin. Na kai ta, na zaunar da ita a kan tudun ƙasar, na miƙa mata guntun azara. Ta matsa shi, ya marmashe a hannunta.

Ta ce, “Gadon fa?”

Na ce, “Yana ƙasa.”

“To a tono.”

Ba a tono ba. Jami'in ya zo da yamma, ya tsaya a gaban tarin. Ya durƙusa zai gaida Inna. Ita ce ta ce masa ya tashi, zai ɓata wandonsa. Ya ce kada a taɓa komai sai an zo an duba, wataƙila a sake ginawa. An kewaye wurin da igiya. Masu dubawa sun zo sau ɗaya.

Ɗakin kwanon bai kwantu ba saboda tsagar, gadi kuma ya ƙare tunda ba abin da za a tsare. Yanzu ina Azare. Ina lodi a shagon wani ɗan kudu mai sayar da katako, na kama ɗaki a bayan kasuwa. Inna tana tare da ni, ba ta tashi sai an ɗaga ta. Ta hana a kwance mata kaya, ta ce ita baƙuwa ce a nan.