Sabon Yalo Bai Iske Ta Ba

Jiya a kasuwar Tsafe na ga sabon yalo a faifai, ɗanyen ƙanshinsa ya dawo mini da kakata. Duk shekara ita ke fara saye. Sai ta goge da gefen zane, ta gatsa, ta lumshe ido, ta ce, "Allah ya nuna muna na baɗi."

Na taɓa kawo mata tuffa daga Gusau. Ta jujjuya, ta shinshina, ta maido mini. "Ɗiyata, abin da ake samu kullum, yaushe za a yi marmarinsa?"

Bana yalo ya zo, bai iske ta ba. Na gatsa, na tuna addu'arta. Allah ya sa ta a lambun Aljanna, nunannen farko ya faɗo a tafinta.