Kalmar da na yi ta nema a Bagudo

Shekarun baya, lokacin da ciwon suga ya kwantar da mahaifiyata, likita a Birnin Kebbi ya rubuta mana abubuwan da za ta riƙa ci. Duk na gane su, ban da kalma ɗaya: burokoli. Kunya ta hana ni tambaya. Na ɗauka wani magani ne mai tsada, kuma na sa a raina cewa a cikinsa warakarta take.

Da muka dawo Bagudo, kemis na fara zuwa. Mai shagon ya duba kwalaye, ya ce wai ya ƙare. Mai maganin gargajiya kuwa cewa ya yi saiwa ce, sai damina ake samunta. Mako biyu ina yawo da takardar a aljihu.

Wani tsohon malaminmu na sakandare ne ya warware mini. Ya karanta, ya yi murmushi.

"Ɗana, ai ganye ne, ɗan'uwan kabeji. Kalmar ta mutanen Italiya ce, ma'anarta 'yan toho, irin waɗanda ke fitowa a kan kabeji. Daga gare su Turawan Ingila da na Faransa suka aro ta."

Wani abokina mai kai kaya Jamhuriyar Benin a babur ya yi mini cigiya a can. Da ƙyar aka samo guda ɗaya daga wani gari mai nisa, ya iso har ya fara zama ruwan ɗorawa. Da la'asar na miƙa wa mahaifiyata, tana jingine a tabarma.

"Inna, ga shi."

Ta ɗora shi a tafin hannu, ta daɗe tana kallo.

"Wanga ai itace ne ƙarami," ta ce. "Haka itatuwan garinmu suke in kana cikin kwalekwale, ka baro garin Kaoje, ruwa ya cika fadama."

Daga nan ta shiga ba ni labarin ƙuruciyarta, yadda mahaifinta ke tuƙa su ta tsakiyar shinkafa, fararen balbelu na tashi a gabansu. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Har rana ta faɗi ba ta bari an yanka shi ba.

Washegari aka dafa. Ta tauna, ta ce, "Kabeji ne da ya yi boko."

Da muka koma asibiti, likita ya yi dariya, ya ce misali kawai ya bayar, zogale da rama sun wadatar. Zogalen nan kuwa yana bayan ɗakinmu tun ina yaro. Da shi da magani ta samu sauƙi, ta ƙara shekaru masu albarka kafin Allah ya karɓi abinsa.

Daga ranar na koyi in riƙa yin tambaya tun kafin in bar gaban likita. Amma ban yi nadamar wautata ba. Ba don ita ba, da Inna ta tafi da wannan fadamar a zuciyarta, ban taɓa shiga kwalekwalen ba.