Giɓin Don Olegario

Rigimar da Don Olegario Techera ya fi shan kashi a cikinta duk tsawon rayuwarsa, a kan bakinsa aka yi ta, a ɗakin girkin gidansa. Bikin 'yarsu Marisel ya matso, ta samo ɗan birni mai kantin magani, sai matarsa Doña Zulma ta ajiye ludayi ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsoho, ba za ka shiga hoton biki da wannan ƙofar garken a bakinka ba."

"Wace ƙofa kuma?"

"Wadda tinkiya da ɗanta za su wuce ba su gogi juna ba. In ka yi dariya har abincin jiya ana hangowa."

"Tsohuwa, da wannan bakin fa na nemi aurenki."

"Lokacin da haƙora a ciki. Da na san rago zai kwashe su, ai da ragon na aura. Ko banza shi taurin kansa yana da amfani."

Ya ce likita tsada, ta ce surukinsa ya ɗauki nauyi. Ya ce shi ba ya shiga mota, ta ce ta riga ta kama masa kujerar gefen taga. Haka ya tafi Tacuarembó yana gunaguni, ya dawo da haƙoran roba huɗu, farare tas, manya kamar an aro su daga bakin doki. A gaban amarya Zulma ta kafa masa sharaɗi: ranar da ya cire su a idon jama'a, ita da akwatinta sai gidan ƙanwarta a Paysandú. Zulma kuwa ba ta barazanar banza. Ta taɓa yin wata guda ba ta ce masa uffan ba a kan wani bargo.

Olegario mai askin tumaki ne tun yana saurayi, kamar ubansa. Gajere ne, ƙafafunsa a gwame, kullum da hular ulu a kansa ko ana zafi, da ƙoƙon shayin mate a hannu kamar da shi aka haife shi. Bai iya rawa ba, bai iya waƙa ba, a coci ma bacci yake yi. Abu ɗaya Allah Ya ba shi, shi ma ta hanyar ƙahon rago. Tun da ya rasa haƙoran gaba, sai wani irin fito ya fara fita ta giɓin, siriri, mai kaifi, da ake jiyowa daga ƙetaren rafi. Yana iya lanƙwasa shi, ya tsinka shi, ya ja shi kamar zare. Sauran masu kare da ɗan usur na ƙarfe suke aiki. Olegario ya ce namijin da sai ya tsotsi ƙarfe karensa zai ji maganarsa, gara ya koma kiwon kyanwa.

Saboda wannan fiton ne aka shigar da shi Ƙungiyar Masoya Karnukan Koli ta garin, wato karnukan kiwon tumaki, wadda membobinta suka ninka karnukanta yawa. A bayan kantin giyar Ferreira suke taro, inda ake buɗe zama da batun kare, a rufe da batun wa zai kawo itacen gashi. Suna da tuta, suna da hatimi, suna da ma'aji da mataimakin ma'aji. Abin da suka rasa shi ne abin sawa a cikin kabad ɗin gilashin da suka saya don kofuna. Abin alfaharinsu ɗaya wani ƙyalle ne shuɗi da karen Doña Perla mai dogon gashi ya ciwo a Durazno, na wutsiyar da ta fi kyau, a shekarar da aka yi ambaliya karnuka biyu kacal suka samu zuwa. Wannan kare ya fi jikokin Perla shan taza, kuma ranar da ya fara ganin tinkiya ido da ido, ƙarƙashin mota ya shige.

Shugaban ƙungiyar, Don Wilmar Silveira, bai san gaban kare da bayansa ba, amma filin atisaye nasa ne, ragon da ake gasawa nasa ne, don haka duk shekara shi ke cin zaɓe babu hamayya. Shi ne ya sayo wata 'yar kwikwiya baƙa mai farin wuya, ya miƙa wa Olegario ya horar. A takarda ta Wilmar ce. A komai kuma ta Olegario ce. Ya sa mata suna Pitanga, tana kwana a kan takalmansa, yana gutsura mata nama kafin ya kai bakinsa. Ta tashi ba ta san wani yare ba sai na giɓi. Fito mai tashi sama, ta zagaya ta dama. Mai faɗowa, ta hagu. In ya tsinka shi, ta kwanta ta kafe tumaki da ido har su manta sunan uwarsu.

To, da haƙora suka zo, giɓi ya toshe, fito ya mutu. Abin da ke fita yanzu wata iska ce haɗe da yawu, kamar tayar keke ta yi faci. Pitanga sai ta zauna ta karkata kai tana kallonsa da tausayi. Ya saci jiki ya gwada usur ɗin ƙarfen da ya zaga, ya kusa haɗiye shi. A bayan gida, inda babu kowa sai tumaki, yakan zare haƙoran ya sa a aljihu, karya ta yi aiki kamar ruwa. A filin ƙungiya kuwa, gaban mutane, ga matan da ke kai wa Zulma rahoto kafin ya iso gida, sai ya tsaya yana busa iska, Pitanga tana sosa kunne.

Duk garin ya yanke cewa karyar ta kurmance, ko kuwa tsohon ya rikice. Olegario bai gyara musu ba. Wane namiji ne zai miƙe a taro ya ce matarsa ce ta kulle masa baki?

Da gasar kiwo ta kasuwar baje kolin dabbobi ta ƙarato, Don Wilmar ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa.

"Olegario, abokina, ba don komai ba. Karyar nan jini ce, kuma tana lalacewa a hannunka. In ba ta shigar da tumaki garke a wannan gasar ba, zan karɓe ta in ba ɗan ɗan'uwana Gastón. Ya yi kwas a Montevideo."

"Kwas ɗin me, ranka ya daɗe? Haushi?"

Aka yi dariya, amma da Olegario ya koma gida ko mate bai iya zuƙa ba. Ya zauna a bakin ƙofa, Pitanga ta ɗora haɓa a gwiwarsa. Ya leƙa ɗakin girki, ya buɗe baki zai roƙi Zulma, ta ɗago ta ce, "Lafiya?" Ya ce lafiya lau.

Ranar gasa gari ya cika. Hayaƙin gashi ko'ina, dawakai a ɗaure jikin shinge, Zulma a rumfar mata tana suyar fanke, daga inda take kuwa filin a tafin hannunta yake. Aka kira sunan Olegario a lasifika. Ya je ya tsaya jikin turken da mai kare ke tsayawa, aka saki tumaki can ƙarshen fili. Ya nuna wa Pitanga da hannu, ta tafi kamar an harba ta, ta zagaya bayansu, ta tsaya tana jiran umarni.

Ya busa. Iska.

Ya sake busawa. Yawu ya sauka a takalminsa. Tumaki suka ga babu mai kula da su, suka sunkuya suka hau cin ciyawa. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya: "Don Olegario, miya kake hurawa ta huce?" Alƙali ya dubi agogo. Gastón, da sabuwar hularsa da igiyar kare a hannu, ya riga ya fara matsowa bakin shinge.

Olegario ya dubi igiyar nan. Ya dubi rumfar fanke, inda Zulma ta tsaya da matsami a hannu, mai yana ɗiga. Sannan ya juya mata baya, wai ko hakan zai rage laifi, ya sa yatsa biyu a baki, ya zaro haƙoran. Ya lalubi aljihu bai samu ba, sai ya ɗora su a kan turken, suna fuskantar teburin alƙalai suna yi musu murmushi.

Fiton da ya biyo baya, dawakan da ke ɗaure sai da suka ɗaga kunne. Pitanga ta zabura kamar wadda ta ji muryar uwarta. Ta kwaso tumaki, ta ratsa da su ƙofar farko, ta lanƙwaso su ta biyu, wata tsohuwar tinkiya ta tsaya tana buga ƙafa, Pitanga ta kafe ta da ido har ta ji kunya ta bi sahu. Suka shige garke, ya ja ƙyaure ya rufe. Lokacin da ya ɓata yana hura miya ya rage masa maki, na uku suka zo. Amma kofi kofi ne, ko da bai fi ƙoƙon mate ba, kuma ma'aji ya rungumi mataimakin ma'aji suna kuka.

Zulma ta ratso fili da matsaminta, mutane suna darewa. Ta ɗauki haƙoran daga kan turke, ta hure musu ƙura, ta naɗe a hankici ta jefa cikin jaka.

"Daga yau ni zan riƙe. Ranar Lahadi da ranar hoto ka zo ka karɓa."

"Paysandú fa, tsohuwa?"

"In tafi in bar wa wa fankena? Rufe bakin, ƙuda na shiga."

Sai ga Don Wilmar, rungume da kofin kamar shi ya haifa, Gastón na biye da shi.

"Ka gani, abokina? Na faɗa, jini ce! Yanzu kam ta wuce gasar ƙauye. Gasar ƙasa za ta, kuma can ana son matashi mai fasali, wanda zai fito a jarida. Gastón zai tafi da ita."

"Ba haka muka yi ba, ranka ya daɗe. Ta shigar da su garke."

"Na ce in ba ta shigar ba zan karɓa. Ban ce in ta shigar zan bari ba. Karyar tawa ce ko ba tawa ba?"

"Taka ce."

"To shi ke nan. Kai dai ka koya wa yaron wannan fiton naka."

'Yan ƙungiya suka kau da kai, kowa yana tuna ragon wa yake ci. Gastón ya yi murmushi, haƙoransa jere reras kamar ƙwayar masara. Olegario ya matsa kusa, ya leƙa bakin saurayin kamar mai tayin doki, ya gyaɗa kai.

"Ba wuya, ranka ya daɗe. Ka turo shi gobe da safe, ya taho da filaya. Huɗu kawai za mu cire."